Darasi na 7: Totur mai fizga da yadda ake gyara shi

Wata ranar kasuwa na ɗauko innata a bayan babur, tana riƙe da kwanon man gyaɗa a cinya. Da muka zo wata kwana sai na sassauta, na sauke giya, na ɗan murɗa totur don mu wuce. Babur ya yi shiru kamar bai ji ba, can kuma ya zabura lokaci guda. Inna ta yi baya, ta cafke rigata, mai ya zube mata a zane. Allah ya kiyaye ba ta faɗo ba. Da muka isa gida ta ce, "Ɗan nan, ko dai ka kai abin nan a duba shi, ko in koma tafiyata da ƙafa."

Tun daga ranar na daina ɗaukar fizgar totur a matsayin ƙaramin abu. Mai tuƙi yana riƙe da kan babur, ya kuma san lokacin da zai murɗa. Wanda ke baya bai sani ba. Tsohuwa ce, ko mai goyo, ko ɗan makaranta, fizga ɗaya ta isa ta kayar da shi.

Kalmomin darasi

Ka karanta waɗannan da ƙarfi, sannan ka rubuta su sau uku a littafinka: totur, waya, kafireta, allura, fulogi, sarƙa, milimita.

Me ke faruwa idan ka murɗa totur?

Injin babur yana cin abu biyu, iska da fetur. Iskar ce ma ta fi yawa nesa ba kusa ba. Don kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iska kusan kilo 15. Aikin kafireta shi ne haɗa su daidai gwargwado, kamar yadda mai koko take daidaita ruwa da gasara.

Idan ka murɗa hannun totur, yana naɗe wata waya. Wayar ta ja wani ɗan murfi a cikin kafireta zuwa sama, ƙofar iska ta buɗe. A jikin murfin akwai allura siririya mai tsini. Tana ɗagawa, fetur yana samun hanyar fitowa. Idan ka saki, sifirin ya mayar da murfin ƙasa. Haka abin yake a yawancin baburan da muke hawa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng.

Fetur ba ta ƙofa ɗaya yake fita ba. Akwai ƴan ƙananan ƙofofi na tagulla da makanikai ke kira jet. Ƙaramin jet shi ke ciyar da inji daga lokacin da babur yake tsaye yana silo har zuwa kusan rubu'in murɗawa. Daga nan allura ta karɓa har zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jet sai an kusa ƙure totur yake nuna aikinsa. Riƙe wannan da kyau, domin zai taimake ka ka yi wa makanike bayani. Idan a farkon murɗawa babur yake fizga, babban jet ba shi da laifi.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kashe injin. Riƙe hannun totur da yatsu biyu ka ɗan juya shi gaba da baya. Za ka ji yana ɗan wasa kafin waya ta kama. Wannan wasan ana son sa, amma kaɗan: milimita 2 zuwa 6 a yawancin babura. Ka sa alama da alli a bakin robar hannun, ka auna da rula. Idan wasan ya yi yawa, za ka murɗa ba abin da ya motsa, sai ka ƙara ƙarfi, waya ta kama a lokaci guda, babur ya zabura. A kusa da hannun akwai noti biyu a jikin wayar. Ka kwance na ɗaurewa, ka juya na saiti har wasan ya daidaita, ka sake ɗaurewa.

Bayan haka ka tayar da injin, ka juya kan babur ƙarshen dama, ka juya ƙarshen hagu. Idan ƙarar injin ta ɗaga da kanta, waya ta yi tsauri ko ta maƙale a wani wuri. Kada ka hau shi a haka. Sannan ka murɗa ka saki. Dole ne totur ya koma da kansa nan take, ka ji ya yi ƙas.

Nawa babur, da na kai shi, makaniken bai ko taɓa kafireta da farko ba. Ya zare wayar ya miƙo mini. Silli uku sun tsinke a kusa da kai, sun yi cirko-cirko kamar tsintsiya.

Ya ce, "Malam, ka ga abin da ke riƙe maka totur. Yau ya saki, gobe ya riƙe. Wata rana a buɗe zai riƙe."

Na ce, "To Oga, a sa mata mai mana."

Ya girgiza kai. "Wayar da ta fara tsinkewa ba a yi mata magani. Sabuwa za a sa."

Abu na gaba shi ne soson iska, wanda ke tace iska kafin ta shiga kafireta. Lokacin hunturu ƙura takan toshe shi cikin ƴan makonni, musamman ga mai bin hanyar ƙauye. Iska ta ragu, fetur ya yi yawa, babur ya riƙa shaƙewa. Idan na soso ne, ka wanke shi da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ya bushe, ka shafa masa baƙin mai kaɗan. Idan na takarda ne, ba a wanke shi, canzawa ake yi. Wasu suna cire shi gaba ɗaya su ce babur ya fi numfashi. Wannan ganganci ne. Ƙurar da soson zai tare, ita ce za ta shiga ta cinye fistin.

Fulogi kuma shaida ne da ba ya ƙarya. Ka kwance shi bayan ka yi tafiya, inji ya ɗan huce. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara, haɗin ya yi daidai. Idan baƙi ne mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Idan fari ne fat, fetur ya yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari domin inji yana ɗaukar zafi.

Ba kowace fizga ce daga inji take ba. Sarƙar da ta saki takan sa babur ya yi ƙarar "gaf" duk lokacin da ka murɗa ko ka saki. A ƙananan babura, wasan sarƙa a tsakiya yakan kasance milimita 20 zuwa 30. A cikin cibiyar tayar baya kuma akwai wasu robobi da ke shanye bugun. Idan sun mutu, ko kafireta sabuwa ce fil sai babur ya fizga.

Kayan da ake saya a ƙara

Idan an gama duk wannan, sannan a yi maganar ƙari.

Mafi araha, kuma wanda nake ba kowa shawara a kai, shi ne ƴar matatar fetur da ake sawa a jikin tiyo tsakanin tanki da kafireta. Ramin ƙaramin jet bai kai kaurin allurar ɗinki ba. Ƙwayar yashi ɗaya daga man galan ko tsatsar tanki ta isa ta toshe shi. A jikin matatar akwai kibiya, ka tabbata tana kallon kafireta. Idan jet ɗin ya riga ya toshe, a wanke shi a hura masa iska. Kada a zura masa allura ko waya, domin tagulla ba ta da tauri, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai.

Na biyu shi ne robar hannun totur ta ciki, wadda wayar ke naɗewa a kanta. Nan ne mutane da yawa suke sayen kishiyar abin da suke bukata, don haka bari mu tsaya a kai. Ka ɗauki igiyar guga ka naɗa a jikin taɓarya. Juyi ɗaya zai ja igiya kaɗan. Ka naɗa ta a jikin turmi, juyi ɗaya zai ja igiya mai yawa. Hannun totur ma haka yake. Idan wurin naɗin yana da faɗi, murɗawa kaɗan za ta buɗe kafireta sosai. Irin wannan ake yi wa masu tsere, kuma shi samari suke so domin babur yana tashi da wuri. Bai ƙara wa inji ƙarfin komai ba, zafin rai kawai ya ƙara masa. Akwai kuma wanda aka yi wa wurin naɗi siriri a farko, ya riƙa kauri a hankali zuwa ƙarshe. Shi wannan yana jan waya kaɗan-kaɗan a farkon murɗawa, inda hannu ya fi bukatar natsuwa, amma idan ka ƙure yana buɗewa duka. Mai ɗaukar fasinja ko kaya, wannan ne nasa. Idan za ka saya, ka tafi da tsohon ka gwada tsawo da ramin da kan waya ke shiga.

Na uku ba saye ba ne, saiti ne. A saman allurar wasu kafiretoci akwai ƴan tsagi, da wani ɗan maƙali da ke zama a ɗaya daga ciki. Idan aka sauke maƙalin tsagi ɗaya, allura ta ɗaga, fetur ya ƙaru a tsakiyar murɗawa. Idan aka ɗaga shi, fetur ya ragu. Tsagi ɗaya ake matsawa, a gwada, a duba fulogi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, na ga masu babura da dama suna sa a matse musu fetur don ya yi auki. Na fahimci dalilinsu, aljihu ne. Amma idan matsewar ta wuce ƙima, babur zai riƙa jinkiri sannan ya zabura, inji ya yi zafi, kuɗin da aka tara a mai ya tafi wajen gyara.

Akwai kuma masu cewa a sa babbar kafireta. Ga ƙaramin inji, ni ban yarda da wannan ba. Kafireta tana jan fetur ne da saurin iskar da ke ratsa ta. Ka lura da ruwan tiyo: idan ka matse bakin, ruwa yana fita da ƙarfi, idan ka saki ya yi sanyi. Ƙofa mai faɗi tana rage saurin iska a ƙaramin gudu, sai babur ya riƙa nutsewa daidai lokacin da kake son ya ɗauka.

Babur mai kwamfuta

Sababbin babura da yawa ba su da kafireta. Wata ƴar kwamfuta ce take auna iska, ta fesa fetur. Dokokin rage hayaƙi ne suka kawo wannan. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, dokar da ta fara aiki a watan Afrilun 2020 ta sa yawancin baburan da ake sayarwa a can suka koma wannan tsari. Irin waɗannan suna da tasu fizgar. Idan ka saki totur, kwamfutar takan yanke fetur gaba ɗaya. Ka sake murɗawa, ta dawo da shi lokaci guda, sai ka ji bugu.

A Turai da Amurka masu manyan babura suna magance wannan ta hanyoyi daban-daban. Wasu suna sa wata na'ura mai suna Power Commander, ta kamfanin Dynojet, wadda ke gyara yawan fetur ɗin da ake fesawa. Wasu suna sa BoosterPlug, wadda ke sa kwamfuta ta ɗauka iskar waje ta fi sanyi, sai ta ƙara fetur kaɗan. Wasu kuma sake rubuta umarnin kwamfutar ake yi musu. Duka ukun suna iya ƙara shan mai, suna kuma iya ɓata garantin kamfani. Wannan ba aikin gwaji da sukundireba ba ne. Idan babur ɗinka irin wannan ne, ka nemi makaniken da ke da na'urar karanta kwamfuta, kada ka bari a yanke maka waya ko ɗaya da ka.

Kafin ka taɓa komai

Ka rufe famfon mai. Kada a sha taba ko a hura wuta kusa. Kada ka bar inji yana aiki a cikin zaure ko ɗaki a rufe, a cikin hayaƙinsa akwai wata iska marar wari da ke kisa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, sannan a gwada a fili, da hular kwano, ba fasinja. Idan ka canza abu uku tare, ba za ka san wanda ya gyara ko wanda ya ɓata ba.

Aiki

1. Ka rubuta da kalmominka abin da fulogi fari yake nufi, da abin da baƙi yake nufi.

2. Wani ya auna wasan totur ɗinsa ya samu milimita 11. Idan iyaka ita ce 6, milimita nawa zai rage?

3. Ƙaramin faifan sarƙa na gaba yana da haƙori 14, na baya yana da 42. Sau nawa na gaba zai juya kafin taya ta juya sau ɗaya? Idan aka sa mai haƙori 15 a gaba, amsar ta koma 2.8, babur ya rage zabura a giyar farko, amma ya rage ƙarfin jan kaya a tudu. Ku tattauna a aji: wa wannan canjin ya dace da shi, wa bai dace da shi ba?

4. A mako mai zuwa kowa ya zo da rula da alli. Wanda ke da babur ya zo da shi, za mu auna wasan totur da na sarƙa a harabar aji, kowa ya rubuta adadin da ya samu.