Yadda ake gasa yumɓu a Minecraft a gina zaure irin na Birni

A duk bulullukan Minecraft babu wanda launinsa ya yi kusa da bangon gidajen unguwannin Birni da Zango na Damagaram kamar gasasshen yumɓu. Kankare ya cika haske, jan bulo kuma layi-layi gare shi. Shi kuwa wannan sumul yake, ja ne mai duhu irin na tukwanen Mirriya. Ya shigo wasan a 2013, aka sake masa suna a 2017. Idan salularka a Faransanci take, "terre cuite" za ka nema a littafin haɗe-haɗe. Idan a Ingilishi take, "terracotta".

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: abin da ya shiga wuta ko rini ba ya komawa yadda yake. Yawancin asarar da ake yi daga nan take tasowa.

Ɗanyen yumɓu a ƙarƙashin ruwa yake, a bakin kogi ko tafki ko fadama, inda ruwan bai yi zurfi ba. Launinsa toka-toka ne mai sirkin shuɗi, kuma fuskarsa a shafe take. Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jiki, tsakuwa ce, ka wuce. Da shebur ake haƙarsa, kowane bulo ya fashe ya ba ka curi 4. Sihirin da ke ƙara yawan abin da aka haƙo ba ya aiki a kansa, kada ka ɓata shi a nan. Haƙa cikin ruwa tana da nawa, ta fi nawa idan ƙafarka ba ta taka ƙasa ba, numfashinka kuma daƙiƙa 15 ne kacal. Ka tsaya a kan ƙasa tukuna, kuma ka bar aikin kogi in dare ya yi, saboda dodannin ruwa.

Kogi ba zai ishe ka babban gini ba. Wurin da yumɓu yake jibge shi ne kogon nan mai ganyaye da aka ƙara a 2021, wanda bishiyar azaliya ke tsirowa a samansa. Ka ga bishiyar, ka haƙa ƙarƙashinta. Wanda kuma ya yi sa'a ya faɗa hamadar jan tudu, ya huta da wuta gaba ɗaya, don tuddan nan kansu gasasshen yumɓu ne, hawa-hawa: da marar rini, da fari, da ja, da rawaya, da ruwan lemo, da ruwan ƙasa, da toka-toka mai haske. Sai dai ba a cika samunta kusa ba. Akwai umarnin da ke nuna inda take, amma a bugun salula, da ka kunna damar umarni lambobin yabo sun daina ƙirguwa a wannan duniyar.

Tun 2022 ana iya yin yumɓu a gida. Ka cika kwalba da ruwa ka zuba wa ƙasa, ta zama laka. Ka ɗora lakar a kan wani bulo, ka rataya tsinin dutsen kogo mai ɗigar ruwa a ƙarƙashin wannan bulon, sannu a hankali lakar ta tsane ta zama yumɓu. Guda ɗaya ba ya biyan wahala; jera su ake yi, goma ko ashirin.

Yanzu sai gashi, kuma nan ne sababbin hannu suke faɗawa rami. Curin da ka kwaso ba shi ake sa wa wuta ba. Idan ka zuba curi a tanderu, ɗan jan bulo zai fito, wanda amfaninsa daban ne, kuma babu hanyar mayar da shi. Sai ka fara haɗa curi 4, biyu sama biyu ƙasa, su koma bulon yumɓu, sannan wannan bulon ya shiga tanderu. Tanderun ma na yau da kullum ake nufi, wanda ake haɗawa da dutse 8. Na narkar da ƙarfe da na gasa nama ba sa karɓar yumɓu.

Kowane bulo daƙiƙa 10 yake ci. Gawayi ɗaya, ko na itace ko na ƙasa, yana gasa 8. Wato tari ɗaya mai 64 yana buƙatar curi 256 da gawayi 8 da minti 10 da daƙiƙa 40. Bokitin narkakken dutse yana gasa 100, amma in ya kama ba ya jiran kowa: ko yumɓu ya ƙare, ci gaba zai yi da ci har ya mutu. Haka gawayi ma, shi ya sa ake zubawa takwas-takwas. Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne su cika tanderu su yi tafiya mai nisa, su dawo su tarar aiki bai motsa ba. Wasan ba ya gudanar da wurin da ka yi wa nisa. Ka jera tanderu huɗu ka raba musu, ka yi wani aikin a kusa. Ga mai lallaɓa cajin salula wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

In ya gasu, da diga kaɗai ake cire shi, ko ta itace ce. Ka fasa da hannu ko da shebur, ya ɓace ba ka samu kome ba.

Rini kuwa, a teburin haɗi ake sa rini ɗaya a tsakiya, a kewaye shi da gasasshen yumɓu 8, a samu 8 masu launi. Launuka 16 ne. Fari daga garin ƙashi yake, ja daga jan fure ko jan gwaza na gona, rawaya daga furen rawaya, ruwan lemo kuma haɗin ja da rawaya ne. Ruwan ƙasa daga ƙwayar koko, kore daga gasa tsiron hamada mai ƙaya, shuɗi daga shuɗin dutsen da ake haƙowa. Marar rini kaɗai ke karɓar rini. Wanda ya riga ya sha, ya sha ke nan.

Abin da littafin haɗe-haɗe ba zai gaya maka ba shi ne jan da ke ƙasa yana cinye launin. Fari ba ya fitowa fat, yana komawa ruwan madara mai ɗan ja. Baƙi yana zama ruwan ƙasa mai duhu. Shuɗi yana karkata zuwa ruwan makuba mai duhu-duhu, shuɗi mai haske ma haka, wanda kuma ke tsakanin shuɗi da kore toka-toka yake fitowa. Don haka ka rina 8 kawai, ka dasa su a waje, ka dube su da rana ka dube su da dare a hasken fitila, kafin ka taɓa sauran tarin. A ganinmu wannan dusashewar ita ce darajarsa. Mai son farin da ke kashe ido ya nemi kankare, yashi 4 da tsakuwa 4 da rini ɗaya su ba da garinsa, ruwa ya taɓa garin ya daskare, ya yi amfani da shi a zane kawai, ba a bango ba.

Idan aka mayar da mai rini cikin tanderu karo na biyu, sai ya fito da zane mai sheƙi. Kowane launi da nasa zanen, kuma zanen yana juyawa ne gwargwadon inda ka fuskanta lokacin dasawa. A daɓe abin da sauƙi: ka dasa huɗu, biyu da biyu, kana juyawa gabas, kudu, yamma, arewa, su haɗu su ba da fure ɗaya. A bango ya fi wuya, don sai ka riƙa zagayawa kana dasawa ta gefe daban-daban, saboda haka ka gama zanen saman ƙofa kafin ka rufe ginin. Kada ka yawaita. Dubi gidajen Birni masu zane: a gaban gida da kewayen ƙofa ado yake taruwa, sauran bangon a bar shi. Kuma mai sheƙin ya fi rauni. Juriyarsa ga fashewa 1.4 ce, ta marar sheƙi 4.2, ta dutse 6. Duka dai ba sa cin wuta, amma koren dodon nan mai fashewa zai yi musu gibi.

Ga lissafin zaure mai faɗi 7 da tsawo 7. Layi ɗaya na bango bulo 24 ne. Hawa huɗu 96, ka cire 4 na ƙofa biyu, saura 92. Rufin soro 49. Rawanin da ke kewaye saman 24. Zanko ɗaya a kowace kusurwa, da biyu a saman ƙofa, 6. Jimilla 171, wato curi 684 da gawayi 22. Tanderu ɗaya zai yi minti 28 da rabi, huɗu kuwa minti 7 da ƴan kai. Ka gasa tari uku cif, 192, ragowar ta yi maka dakali da gyara.

Bango mai launi ɗaya daga ƙasa har sama yana fitowa kamar kwali. Ka sa layin ƙasa da ruwan ƙasa, jikin bango da marar rini, ka yayyafa ruwan lemo jefi-jefi. Gasasshen yumɓu ba shi da matakala ko rabin bulo ko siririn ginshiƙi, kuma injin yanka dutse ba ya karɓarsa. Mafita ita ce tubalin laka: laka da alkama su ba da curarriyar laka, 4 daga cikinta su ba da tubali 4, shi kuwa yana da duka ukun. Siririn ginshiƙinsa ya fi yin kyau a zanko fiye da cikakken bulo, kuma launin bai yi nisa ba.

Wanda ke kusa da ƙauye yana da magini, mai aiki a injin yanka dutse. Tun matakin farko na cinikinsa yana sayen curi 10 da koren dutse ɗaya, wato kuɗin da ƙauyawan wasan ke ciniki da shi, in ya kai mataki na huɗu ya fara sayar da mai rini da mai sheƙi, ɗaya da koren dutse ɗaya. Don ƴan guda na ado ya yi, don bango ya yi tsada.

Soro mai rawani wuri ne mai duhu da faɗi, dodanni na fitowa a kai da dare su diro maka a ƙofa. Ka sa fitila ɗaya a tsakiyar rufin, ta isa wannan girman, ko ka shimfiɗe shi da rabin tubalin laka a dasa ta ƙasa, don ba sa fitowa a kansa.