Yadda Za Ka Gwada Manhajarka da Sabar Bogi

A Kaduna intanet kan ɗauke ana tsakiyar aiki, don haka kada gwajinka ya dogara da sabar gaske, wato kwamfutar da ke amsa wa manhajarka ta intanet. Yi amfani da ta bogi, mai ba da amsoshin da ka tsara da kanka. In da Python da requests (laburaren aika buƙata zuwa saba) kake aiki:

1. Sauke responses, laburaren da ke kwaikwayon saba, ta hanyar pip (abin sauke laburaren Python).
2. Sa @responses.activate a saman gwajin, ya tare duk buƙatar da za ta fita.
3. Da responses.add, rubuta adireshi, amsar JSON (tsarin rubuta bayanai) da lambar 200, mai nufin komai ya tafi daidai.
4. Nan ne aikin yake. Maimaita da 404 (ba a samu abin da aka nema ba), sannan 500 (saba ta samu matsala). Ɗan kasuwa a Kawo ya danna biya, saba ta faɗi: me zai gani a wayarsa? Ya samu bayani a fili, kuma kada a cire masa kuɗi sau biyu.
5. Kunna pytest, mai gudanar da gwaje-gwajen. Duk adireshin da ka manta rubutawa zai jawo ConnectionError (kuskuren haɗi), sai ka ƙara shi.