Yadda Ake Zaɓen Jakar Kan Keke da Jakunkunan Gefe Don Doguwar Tafiya

Mai shirin doguwar tafiya a kan keke, irin wadda ake kwana a hanya na tsawon kwanaki ko makonni, yakan fara da kallon jakunkuna, alhali jakar ce ya kamata ta zo a ƙarshen sayayya. Ingancin jaka yana bayyana ne a yadda ta kama jikin keke, saboda haka zaɓi yana farawa daga keken da kuma kayan da za a ɗora masa.

Mataki na farko shi ne ka baza duk abin da za ka ɗauka a ƙasa, tun daga tanti da abin shimfiɗa da tufafi da rigar ruwa har zuwa tukunya da kayan gyaran keke, sannan ka auna su a sikeli. Da lita ake auna girman jakunkunan keke. Jakunkunan baya guda biyu galibi suna ɗaukar lita 40 a haɗe, na gaba kuma lita 25. Wanda zai riƙa sauka a masauki, na baya kaɗai sun ishe shi, amma mai kafa tanti yana dafa abincinsa zai fi samun sauƙi da guda huɗu. Kada ka sayi wadda ta fi buƙatarka girma, domin duk gurbin da ya rage sai ka sami abin cusa masa, kuma ƙafarka ce za ta biya a kan hawa.

Mataki na biyu, ka duba keken da kariyarsa. Ka tabbatar akwai ramukan noti kusa da tsakiyar tayar baya da kuma ƙasan sirdi, inda ake ɗaure kariya, haka nan a ƙafafun gaba idan kana son jakunkunan gaba. Yawancin kariyoyin baya an buga nauyin da za su iya ɗauka a jikinsu, sau da yawa kilo 25, kuma bai kamata a wuce shi ba. Kariyar baƙin ƙarfe, irin wadda kamfanin Tubus na Jamus ya yi suna da ita, ta fi dacewa da tafiya mai nisa, saboda idan ta karye mai walda zai iya haɗa ta, abin da ke da wuya ga ta alminiyum. Ka kuma auna tazarar da ke tsakanin gindin feda da tsakiyar tayar baya. A kekunan da aka ƙera don irin wannan tafiya takan kai kusan santimita 45, a kekunan tsere kuwa ta fi gajarta, kuma a nan ne diddige ke bugun jaka a duk juyin feda, musamman ga mai babbar ƙafa.

Mataki na uku ya fi duk sauran muhimmanci, wato binciken ƙugiyoyi. Ka juya jakar ka dubi bayanta. Ya kamata ka ga faranti mai tauri wanda zai hana ta lanƙwasawa ta shiga wayoyin taya, da ƙugiyoyi biyu a sama masu rufe bakinsu a kan ƙarfen kariya, da kuma ɗan hannu ɗaya a ƙasa da ke saƙalewa a ƙafar kariyar. Ƙugiyar da ke rataye kawai ba ta kulle ba, rami ɗaya ya isa ya wurgar da jakar a tsakiyar titi. A tsarin QL2.1 na kamfanin Ortlieb, idan ka ɗaga mariƙin jakar sai ƙugiyoyin su buɗe, idan ka sake shi su rufe da kansu. Bakinsu yana karɓar ƙarfe mai kaurin da ya kai milimita 16, kuma suna zuwa da ƙananan robobi na milimita 8 da 10 da 12 da ake cusawa don su yi daidai da kariyarka. Kada ka raina waɗannan robobin. Ƙugiyar da ta yi wa ƙarfe yawa takan yi ta kaɗawa, ta cinye fenti, daga nan ta soma cin ƙarfen kansa, shi ya sa matafiya da dama ke naɗa salatif a wuraren da jaka ke gogawa. Ka zaɓi wadda ake iya matsar da ƙugiyoyinta gaba ko baya, domin da haka ne za ka ja jakar nesa da diddige, kuma ka tabbatar ana sayar da ƙugiyar ita kaɗai idan ta karye.

Sai batun ruwa, wanda shi ne mataki na huɗu. Akwai jakunkunan da aka manne haɗinsu da zafi ba tare da ɗinki ba, ana naɗe bakinsu sau uku ko huɗu a ɗaure, salon da Ortlieb, wanda aka kafa a 1982, ya shahara da shi. Ruwan sama ba ya shigarsu, sai dai ba su da aljihuna, kuma rigar da ka jefa ciki da danshi za ta jiƙa sauran kayan, tunda iska ma ba ta shiga. Akwai kuma ɗinkakku masu aljihuna da zif, kamar wasu na Arkel na Kanada, waɗanda suka fi sauƙin tsara kaya amma suna buƙatar rigar ruwa ta daban. Kamfanin Carradice na Ingila kuwa har yanzu yana yin nasa da kakkauran yadin auduga. A ganina mai naɗaɗɗen baki ta fi ga doguwar hanya, don ƙura tana kashe zif tun yadin bai tsufa ba. Alamar IP64 da ake gani a wasu tana nufin ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, amma ba ta ba da izinin tsunduma jakar a rafi ba.

Mataki na biyar shi ne jakar kan keke, wato wadda ake maƙalawa a gaba inda ake riƙe keken, wurin kuɗi da fasfo da waya da tabarau da ɗan abin taɓawa, wadda ake cirewa a rataya a kafaɗa duk lokacin da aka bar keken a waje. Lita 5 zuwa 8 ta wadatar. Ko da masu ƙira sun ce za ta ɗauki kilo 5, gara a tsaya ƙasa da haka sosai, domin nauyin da ke sama a gaba yana sa kan keke ya riƙa rinjaya a kwana. Ka auna kaurin tsakiyar kan keken, wanda galibi milimita 25.4 ne ko 31.8, don ka sayi mariƙin da ya dace, irin su KLICKfix. Ka duba kada jakar ta danne wayoyin birki da na giya, kada ta tare hasken fitila, kada kuma gindinta ya kusanci taya. Idan kan keken na kabon ne, wato wani abu mara nauyi da ake amfani da shi a maimakon ƙarfe, sai ka karanta umarnin masu ƙira kafin ka ɗaure masa komai. Murfin da ke buɗewa daga ɓangarenka da hannu ɗaya ya fi amfani.

Daga nan sai gwaji. Ka loda kayan, masu nauyi a ƙasa kusa da taya, hagu da dama daidai kamar mangalar jaki, kuma idan jakunkuna huɗu ne, kimanin kashi 60 cikin 100 a baya, 40 a gaba. Ka hau hanya mai gargada da kuma gangara. Idan kan keken ya soma rawa da gudu ya ƙaru, ka rage abin da ke jakar kai, ka kuma matso da kayan baya gaba kaɗan. Bayan wannan gwajin, da kuma bayan kwanakin farko na tafiyar, ka bi notocin kariya da na ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya ka ƙara ɗaure su, domin girgizar hanya tana kwance su a hankali.