Kare na susa, an ce abinci ne: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Jama'ar Damagaram masu kare a gida, na gadi ne ko na farauta ko mai tsaron garke, ku matso kusa. Da kare ya fara susa ba dare ba rana, gashi na zuba, yana lasar ƙafa yana kaɗa kunne, magana ɗaya za ka ji, wai abinci ne bai karɓe shi ba, sai a shiga canje-canje yau shinkafa gobe taliya jibi a yi odar buhun kuroket, wato busasshen abincin kare na kamfani, mai tsada daga Yamai ko Kano, kuɗi sun tafi shi kuma yana nan yana ta kartar jikinsa.

Babban kuskuren shi ne ɗora wa abinci laifi tun ba a duba fata ba. Alerjin abinci, wato jiki ya ƙi wani abinci har ya jawo ƙaiƙayi ko zawo, akwai shi kam, amma ƙuma da kaska da ƙazwa sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, balle a nan inda kare ke kwana a ƙasa daf da turken awaki. Ka kwantar da shi ka buɗe gashin gindin wutsiya, in ka ga baƙin abu tsaki-tsaki kamar garin masoro ka ɗiba ka zuba a jiƙaƙƙen farin tsumma, in ya narke ya yi ja to kashin ƙuma ne, jinin karenka ne suka sha. Ita kuwa ƙazwa bakin kunne da gwiwa take fara ci, kuma tana iya kama mutanen gida. Sannan ka lura da lokaci, susar da ke zuwa da damina ta lafa da hunturu da wuya a ce abinci ne, shi na abinci babu ruwansa da rani ko damina. A fara kai shi wajen likitan dabbobi a kashe waɗannan ƙwari tukuna, kafin a taɓa kwanonsa.

Sai masu saurin sayen dekza, wato ƙwayar dexamethasone, a hannun ƴan tallan magani. Eh tana kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, amma ai rufe ido ne, ka canza abinci ka haɗa da ita susa ta tsaya, wa za ka gode wa a cikinsu? Ranar da ƙwayar ta ƙare ciwo ya dawo sabo fil. Ibuprofen da paracetamol na mutane kuwa kar ma a soma, suna iya kashe kare.

Wani abin da mutane ke kasa yarda da shi, ba sabon abinci ne ya fi kawo alerji ba, wanda ya daɗe yana ci ne. Za ka ji mutum na cewa ai shekara uku yana cin naman sa bai taɓa yi masa komai ba, to ai haka abin yake zuwa, jiki ne ke juyowa ya ƙi abin da ya saba da shi. A binciken likitocin dabbobi abubuwan da suka fi tayar da shi a karnuka su ne naman shanu, sai madara, sai kaza, sai alkama. Gero da ake yawan zargi ba ya cikin na gaba-gaba, mutum zai hana kare tuwon gero ya ci gaba da ba shi tarkacen mahauta da ragowar fura da nono da gutsuren burodi, ka ga an bar ɓarawo an kama maƙwabci.

Hanyar gane alerjin abinci ɗaya ce kuma tana da gajiya. A zaɓi nama iri ɗaya da bai taɓa ci ba, da abin cika ciki iri ɗaya shi ma da bai saba ba, a ba shi su kaɗai sati 8 cur. A wajen zaɓen ma ake faɗawa rami. Karen Zinder da ke cin abin da aka kwaso wajen mahauta ya riga ya ci sa da akuya da rago a cakuɗe, don haka komawa naman akuya ba canji ba ne, ga shi dama dangin juna ne. Zabo ma haka yake da kaza. Abin da ya fi shi ne zomo, ko kifi, ko naman raƙumi in ka tabbata bai taɓa shiga bakinsa ba, a haɗa da dafaffen dankali. In za ka saya a Kasuwar Dole ka ce a yanko maka tsoka guda, ban da niƙaƙƙe ban da wanda aka sassara aka tara da sauran nama, ka zo gida ka wanke ka dafa da ruwa zalla. Ba magi, ba yaji, ba mai, albasa da tafarnuwa kuwa dama guba ce ga kare, suna lalata masa jini ko da alerji ko babu. Kuma kar a juya kwano rana ɗaya, a riƙa rage tsohon ana ƙara sabon kamar kwana 5 zuwa 7, in ba haka ba zawo ya biyo baya ka ɗauka shi ma sabon bai karɓe shi ba.

Inda gwajin ya fi lalacewa a cikin gida ne wallahi. Kai kana ta ƙoƙari, yaro ya jefa masa ƙashin kaza, uwargida ta juye masa ruwan wankin kwanon miya saboda tausayi, da dare a sake shi ya zaga bolar unguwa ya dawo da cikinsa tim. Loma ɗaya ta isa ta mayar da kai farko. Sai ka tara kowa ka yi bayani har masu zuwa ɗibar ruwa, a tsare shi a wuri mai inuwa, in za a fita da shi a sa igiya. Kuma don Allah kar a fara wannan aiki ana gab da babbar sallah, lokacin layya ko'ina nama ne da ƙashi da kayan ciki, ba mai iya tsare bakin kare a satin nan.

Akwai masu gajen haƙuri, sati biyu su ce bai yi ba. Zawo da amai kan lafa da wuri, fata ce mai nawa, sai an kai sati 8 ake ganin sauƙi a sama da kashi 90 cikin 100 na karnukan da abinci ne ainihin matsalarsu. Ka riƙa ɗaukar hoton ciki da kunne da ƙafafu da waya duk ranar Juma'a, ido na mantuwa.

To ya warke, nan ma kusan kowa ke tsayawa, alhali saura mataki. Sai an maida masa tsohon abincin an gani. In susa ta dawo, galibi cikin ƴan kwanaki, in ta daɗe sati 2, to an tabbatar abinci ne, sai a koma kan zomo da dankali har ya lafa, sannan a riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya, naman sa shi kaɗai, in shiru bayan sati biyu a gwada madara, haka har a kama mai laifin. In kuwa susar ba ta dawo ba, wataƙila maganin ƙuma ne ya yi aiki ko yanayi ne ya canza, ba dalilin da za ka yi ta sayen zomo har abada.

Game da kuroket, kar hoton rago a jikin buhu ya ruɗe ka, juya baya ka karanta jerin kayan haɗi, sau da yawa akwai kaza ko alkama a ciki. Wanda ake gwaji da shi daban ne, an farfasa furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, ƙanana yadda jiki ba zai gane shi ba, irin Royal Canin Anallergenic ko Hill's z/d, suna da tsada kuma likita ke rubutawa. Gwajin jini ko gashi ko yawu da ake talla a intanet kuwa ba abin dogaro ba ne, ka riƙe kuɗinka.

Nama da dankali na gwaji ne kawai, ba su da isasshen kalsiyam da sauran sinadarai, in za a zarce da su likita ya faɗi abin ƙari, ɗan kwikwiyo mai tasowa da karya mai ciki ko shayarwa kuma kar a sa su a kai ba tare da shi ba. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, a dafa na yini ɗaya ko a sa a firigo, wanda ya kwana a waje a zubar, don zawon ruɓaɓɓen abinci zai rikita maka lissafin gwajin gaba ɗaya.