Babi na 7: Ci da Sha Bayan An Rage Hanji

Iyayena da yayyena, wannan babi na wanda aka yi wa tiyata aka yanke wani yanki na hanjinsa ne, da kuma mai jinyarsa. Ku karanta a hankali. Kalmar da ta yi wuya, a ɗora yatsa a kanta a sake karantawa. Babu gaggawa.

Darasi na 1: Abin da ya saura

Hanji iri biyu ne, ƙarami da babba. Ƙaramin siriri ne, amma shi ya fi tsawo, kuma shi ne ke tsotse amfanin abinci ya miƙa wa jini. Idan abin da ya rage bai kai mita 2 ba, wato santimita 200, likitoci sukan ce hanjin ya gajarta. Abinci sai ya riƙa wucewa tun ba a gama tsotse shi ba. Ga zawo, ga rama, ga ƙishirwa.

Kada gwiwa ta yi sanyi. Hanjin da ya saura yana koyon aikin wanda aka cire. A bangonsa na ciki akwai 'yan tsiro ƙanana kamar gashin tawul, suna ƙara tsawo sannu a hankali, har tsawon shekara 2. Abinci ne ke tashe su. Idan abinci ya isa ƙarshen ƙaramin hanji da babban hanji, sai su saki wani homon mai suna GLP-2. Homon saƙo ne da jiki ke aikawa ta cikin jini, saƙon wannan kuwa shi ne hanji ya girma. Don haka wanda ya ƙi ci saboda tsoron zawo ya hana hanjinsa samun saƙon.

Darasi na 2: Ruwa

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, nan kuma za mu daɗe.

Ga wanda aka yanke masa hanji da yawa, musamman wanda aka buɗe wa ƙofa a fatar ciki aka manna masa jakar tara bayan gida, tsurar ruwa ba ya kashe ƙishirwa. Ƙara ta yake yi. Ku sake karanta wannan layin. Ruwan da babu gishiri a cikinsa, idan ya shiga gajeren hanji, janyo gishirin jiki yake yi, su fita tare. Mutum ya sha kofi, jaka ta cika, ƙishirwa ta dawo, ya ƙara sha. Shayi ma haka, lemun kwalba da ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi kuwa sun fi ɓarna.

Abin sha shi ne ruwan gishiri da sukari da aka auna. Haɗin da asibitin St Mark's na Landan ke koyarwa shi ne: ruwa lita 1, gulukos (wani nau'in sukari) giram 20, gishiri giram 3.5, bikabonet (garin da ake kira baking soda) giram 2.5. Ku nuna wa likitanku wannan, shi zai faɗi haɗin da ya dace da ku da yawan tsurar ruwan da ya yarda ku sha. A auna. Ba a ɗiba da yatsu, ba a kintace da ido.

Yadda ake sha: kurɓa ɗaya, a ajiye kofi. A jira kaɗan. A sake kurɓa. Haka har dare. Ba a kafa kai.

Na ce ba a kafa kai. Wata ɗalibata da ke jinyar maigidanta ta haɗa ruwan daidai, babu kuskure ko ɗaya, sannan ta miƙa masa kwalbar ya shanye rabi a tsaye. Kafin ya zauna jaka ta cika. Ta zo aji idonta da hawaye tana cewa, "Malam, ai na bi takarda." Na ce mata, Yaya, kin bi rabin takarda, kuma kin yi ƙoƙari. Sauran rabin shi ne kurɓa. Washegari ta saya masa ɗan ƙaramin kofi.

Sannan ba a haɗa ci da sha. A tsayar da sha minti 30 kafin abinci, a jira minti 30 bayansa. Minti 30 shi ne doguwar allurar agogo ta tashi daga 12 ta sauka kan 6.

Yanzu ku ɗauki fensir ku rubuta sau uku: Zan kurɓa, ba zan kafa kai ba. Madalla da waɗanda suka rubuta. Waɗanda suka tsallake kuma, na san ku, domin kowace shekara sai na yi wannan bayanin, mako na zagayowa in ji an koma kwankwaɗar ruwa wai ƙishirwa ta yi yawa. Ƙishirwar ce ai muke magani! Ku koma ku rubuta. Ku kuma duba fitsari: idan ya yi kaɗan, ya yi duhu, ko jiri na ɗibar mutum in ya miƙe, a tafi asibiti a ranar.

Darasi na 3: Abinci

A ci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana. A tauna sosai har lomar ta yi laushi. Shinkafa, dankali, taliya, burodi, ƙwai da kifi sun fi kayan zaƙi zama a ciki. Wanda babban hanjinsa ke nan ya rage maiƙo, ya tambayi likita abincin da ke kawo tsakuwar ƙoda. Mai jaka ya ƙara gishiri a abinci. Ruwa kuma kurɓa, bayan minti 30.

Darasi na 4: Magani

Bayan tiyata homon gastirin yakan hau, ciki ya yi ta zubo ruwa mai tsami na wasu watanni. Shi ya sa ake ba da omefirazol, maganin rage wannan ruwa mai tsami. Maganin tsayar da zawo, lofiramaid, ana shansa minti 30 kafin abinci. Akwai allurar tedugulutaid mai kwaikwayon GLP-2, wadda aka amince da ita a Amurka da Turai a 2012. Likita kaɗai ke rubuta ta.

Darasi na 5: Bitamin B12

Ƙarshen ƙaramin hanji ne ke tsotse shi. Idan an cire wurin, allura za a riƙa yi. Ku rubuta ranar a bayan littafinku.