Yadda ake gane tsofaffin manyan motoci a hanyar Daura zuwa Agadas

Wanda ya tashi daga Daura ya ƙetare iyaka ta Kwangwalam, ya nufi Damagaram, daga can ya wuce Tanut zuwa Agadas, zai haɗu da manyan motocin da suka girmi direbobinsu amma har yau suna dakon kaya a cikin zafin rana. Gane su yana buƙatar sanin inda ake kai ido.

A fara da gaban motar. Idan aka ga gajeren hanci mai zagaye, da tauraro mai tsini uku a tsakiya, to Marsandi ce irin wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959. Lambar da ke jikinta tana bayani da kanta: 911 na nufin nauyin tan 9 da inji mai ƙarfin doki kusan 110, ita kuwa 1924 tan 19 ce da ƙarfin doki 240. A ganina wannan lamba ta fi fenti amfani, domin fenti da bodin katako aikin masu sana'a ne na gida, ana sauya su sau da yawa, har ma a liƙa wa mota tambarin da ba nata ba don ado.

Bayan an wuce Damagaram a riƙa lura da Berliet ta Faransa, wadda tambarinta hoton kan jirgin ƙasa ne. Motocin wannan kamfani sun ratsa hamadar Tenere a 1959 da 1960, kuma daga 1978 kamfanin ya narke cikin Renault, saboda haka duk wadda aka gani da wannan tambari ta kwana biyu.

Kunne ma yana taimakawa. Motar Magirus-Deutz ta Jamus ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya injinta, shi ya sa ƙararta ta fi ta sauran kaifi, kuma shi ya sa ta dace da ƙasar da ruwa ke da wuyar samu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe ko bayan la'asar, a tasha ko garejin makanikai, inda motocin ke tsaye ana ɗaure kaya ko ana duba taya. Da tsakar rana, musamman daga Maris zuwa Mayu, hucin ƙasa yana dagula gani, ƙurar hunturu kuma takan rufe komai sai mota ta zo daf. A riƙe isasshen ruwa, a kuma tambayi direbobi halin tsaron hanya kafin a tashi.

Kada a ɗauki hoto a shingen jami'an tsaro ko a kan iyaka. A sauran wurare a yi sallama, a gaisa, sannan a ce, "Maigida, ko za ka ba ni izini in duba motar nan?" Yawancinsu suna alfahari da motocinsu, kuma idan direban ya saki jiki, a roƙe shi ya nuna ƙaramin farantin ƙarfen da kamfani ya liƙa a cikin kan motar ko kusa da ƙofa, wanda ke ɗauke da samfurinta da lambar shasi.