Yadda Ake Tsara Ziyarar Birnin Cape Town a Afirka ta Kudu

Duk wanda zai ziyarci Cape Town ya kamata ya san tun daga gida cewa iska ce za ta tsara masa kwanakinsa. Wurare biyu da suka fi jan baƙi zuwa birnin, wato Dutsen Table da Tsibirin Robben, dukkansu ana iya rufe su ba tare da dogon gargaɗi ba idan iskar kudu maso gabas ta taso, domin motar igiyar da ke hawa dutsen ba ta aiki cikin iska mai ƙarfi, jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin kuma ba ya tashi idan teku ta yi fushi. Saboda haka dabarar ita ce ka raba abubuwan da kake son gani gida biyu, waɗanda ke buƙatar sararin sama mai haske da waɗanda ba ruwansu da yanayi, sannan kowace safiya ka dubi dutsen kafin ka yanke shawarar inda za ka nufa.

Lokutan shekara a can sun saɓa wa abin da mazauna arewacin nahiyar suka saba. Zafi yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma a lokacin ne ruwan sama ke ɗaukewa, iska kuma ta fi tsananta, yayin da sanyi da ruwa ke zuwa tare daga Yuni zuwa Agusta. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu makarantun ƙasar suna hutu, mutanen Johannesburg da sauran biranen cikin ƙasa suna kwararowa bakin teku, kuɗin masauki kuma ya yi tashin gwauron zabi. A ganina watannin Maris da Afrilu sun fi dacewa da baƙon da ke son ya yi yawo a tsanake, domin zafi ya sauka, iska ta lafa, cunkoso kuma ya ragu.

Kafin tafiya ka tabbatar fasfonka yana da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba, kuma wa'adinsa zai wuce ranar fitarka daga ƙasar da aƙalla kwana 30. 'Yan ƙasashe da yawa suna buƙatar biza, wadda ya kamata a nema da wuri, kuma wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara sai ya nuna katin rigakafinta. Kuɗin ƙasar shi ne rand, ana kuma karɓar katin banki kusan ko'ina, har a ƙananan shaguna, don haka babu dalilin yawo da kuɗi masu yawa a aljihu. Filin jirgin sama yana da nisan kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birni, kuma hanya mafi sauƙi ita ce kiran mota ta manhajar Uber ko Bolt. A cikin gari akwai motocin bas na MyCiTi, waɗanda ba a biyan kuɗin hannu a cikinsu sai da katin da ake saye a tasha a loda masa kuɗi. Wanda zai yi hayar mota ya tuna cewa ana tuƙi ne ta hannun hagu. Soket ɗin wutarsu na gargajiya mai manyan ramuka uku ne, saboda haka ka sayi mahaɗin da zai karɓi cajarka tun a filin jirgi.

Ranar farko da ka wayi gari ka ga saman dutsen tas, babu farin gajimaren nan da ke lulluɓe shi kamar mayafi, to ka ajiye duk wani shiri ka hau. Tsayin dutsen ya haura mita 1,080, kuma motar igiyar, wadda ta fara aiki a 1929, tana kai mutum sama cikin kimanin minti biyar, daɓenta yana juyawa a hankali domin kowa ya ga kowane ɓangare. Sayen tikiti ta intanet yana rage tsayuwa a layi, zuwa da sassafe kuma ya fi. Ka riƙe rigar sanyi ko da rana tana dukan ƙasa, domin yanayin saman dutsen yana juyawa cikin ɗan lokaci. Masu ƙarfin gwiwa suna hawa da ƙafa ta hanyar Platteklip Gorge, wadda take miƙe amma mai tsauri, tana cin awa biyu zuwa uku, kuma bai kamata mutum ya bi ta shi kaɗai ko ba tare da isasshen ruwan sha ba. Akan rufe motar igiyar na wasu kwanaki a lokacin sanyi domin gyaran shekara, saboda haka mai zuwa a Yuli ko Agusta ya bincika tukuna.

Tikitin Tsibirin Robben shi ne abin da ya kamata ka saya tun kafin ka baro gida, kuma ka sa ziyarar a farkon kwanakinka, ta yadda idan an soke tashin jirgi za ka sami wata ranar da za ka mayar. Jirgin yana tashi ne daga gaɓar V&A Waterfront, kuma zuwa da yawo da dawowa suna ɗaukar kusan awa huɗu. A tsibirin ne Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure, daga 1964 zuwa 1982, kuma ana nuna wa baƙi ɗan ƙaramin ɗakinsa, da ramin fasa farin dutse inda hasken rana ya lalata idanun fursunoni, da gidan da aka tsare Robert Sobukwe, wani jagoran yaƙi da wariyar launin fata, shi kaɗai. An daɗe ana ɗora wa tsofaffin fursunonin siyasa aikin zagayawa da baƙi cikin kurkukun, kuma sauraron mutum yana bayanin ɗakin da shi kansa ya kwana a ciki ya fi duk abin da za a karanta a allon bango. Abin da baƙi da yawa ba sa lura da shi shi ne cewa tsibirin ya kasance wurin tsare mutane tun zamanin Turawan Holan, kuma akwai hubbaren wani malami Musulmi, Sayyid Abdurrahman Moturu, dab da ginin kurkukun.

Wannan tarihin ne zai kai ka unguwar Bo-Kaap, wadda ke kan gangaren tudun Signal Hill, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa daga tsakiyar gari. Yawancin baƙi suna zuwa ne domin ɗaukar hoto a gaban gidajen da aka shafe da fenti kala-kala, su juya cikin rabin awa, alhali unguwar ta cancanci yini guda. Mazaunanta na asali zuriyar bayi ne da fursunonin siyasa da kamfanin kasuwancin Turawan Holan ya kwaso daga tsibiran Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka bayan kafa zangonsa a 1652. A titin Dorp akwai Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, shi ne masallaci na farko a ƙasar. Limaminsa na farko, wanda ake kira Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore da aka kawo a 1780 aka tsare a Tsibirin Robben fiye da shekara goma, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma kabarinsa yana maƙabartar Tana Baru a saman unguwar. Ka tuna cewa gidajen nan mutane ne ke zaune a ciki, don haka ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton wani ko ka hau dakalin ƙofarsa. Idan ka ji ƙarar igwa da ƙarfe goma sha biyu na rana kada ka firgita, tsohuwar al'ada ce ta sanar da lokaci daga kan tudun, ana yin ta kullum ban da Lahadi da ranakun hutu.

Abincin halal ba ya wahalar samu a Cape Town, domin gidajen abinci da mahauta da yawa suna rataye takardar shaidar hukumomin tantancewa irin su MJC da SANHA a inda kowa zai gani. Ka ɗanɗana bobotie, wato niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da ake gasawa da ƙwai da madara a samansa, da kifin snoek, da kuma gatsby, dogon burodi da ake cusa wa soyayyen dankali da nama, wanda ya samo asali daga unguwar Athlone, kuma guda ɗaya yana isar mutum uku ko huɗu. Da safiyar Lahadi ake sayar da koesister, wani soyayyen ƙulli mai kirfa da citta da ake tsomawa cikin ruwan sukari a barbaɗa masa kwakwa, kuma wanda ya makara ba ya samu.

Ranar da iska ta hana hawa dutse ita ce ranar gidajen tarihi. Na District Six, a titin Buitenkant, yana ba da labarin unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana a matsayin ta farar fata zalla a 1966, ta kori mutane fiye da 60,000 zuwa filayen Cape Flats, ta kuma rushe gidajensu. Daga nan ana iya takawa zuwa Castle of Good Hope, ganuwar da aka gina tsakanin 1666 da 1679, da kuma zauren birni, inda Mandela ya yi jawabinsa na farko ranar 11 ga Fabrairu, 1990, bayan an sako shi.

Ka ware yini ɗaya cur domin zagaya zirin ƙasar da ya miƙa kudu. Ana bi ta Hout Bay da hanyar Chapman's Peak, wadda ake biyan kuɗin wucewa, har zuwa Cape Point, sannan a dawo ta Simon's Town, inda tsuntsayen fenguwin suka yi sansani a gaɓar Boulders tun 1982. Birai a wannan yanki sun ƙware wajen buɗe ƙofar mota da fizge jaka, kuma doka ta hana ba su abinci. Wasu masu rakiya sukan ce Cape Point ne ƙarshen nahiyar Afirka daga kudu, amma ainihin ƙarshen yana Cape Agulhas, can gabas. Lambun tsirrai na Kirstenbosch, wanda aka kafa a 1913, yana bayan Dutsen Table, kuma ya dace da maraicen da mutum ya gaji da yawo.

Wajen sayayya, abu na farko shi ne sanin inda ake ciniki da inda ba a yi. A manyan kantuna irin na V&A Waterfront da Canal Walk farashin da aka rubuta shi ne farashi. A dandalin Greenmarket Square kuwa ana tayi ana ragi, sai dai yawancin sassaƙe-sassaƙe da zannuwan da ke wurin daga wasu ƙasashen Afirka aka kawo su, don haka mai neman abin da aka yi a ƙasar ya tambaya kafin ya biya. Rumfar Watershed da ke bakin gaɓa ta fi tsada, amma a nan ne ake samun aikin hannun masu sana'a na gida. Tsarabar da ta fi dacewa, a nawa ra'ayin, ita ce ganyen shayin rooibos da ake nomawa a yankin Cederberg, da yadin shweshwe, da kayan adon duwatsu, da kayan ƙamshin girki daga shagunan titin Wale a Bo-Kaap. Shayin ka saye shi a babban kantin kayan masarufi inda 'yan gari ke saye, domin wanda aka ƙawata wa kwali saboda baƙi ya ninka shi kuɗi. Ranar Asabar da safe kasuwar Old Biscuit Mill da ke Woodstock tana ci, ita ma ta abinci ce da kayan hannu.

Tukwici wani ɓangare ne na rayuwar yau da kullum. A gidan abinci ana ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan kuɗin da aka ci, masu zuba mai a gidan mai da masu gadin motoci a bakin titi, waɗanda ke sanye da riga mai ƙyalli, su ma ana ba su 'yan rand kaɗan. Batun tsaro kuma ba abin wasa ba ne, domin tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi a birnin tana da faɗi ƙwarai. Kada ka bar komai a kan kujerar mota, kada ka yi tafiyar ƙafa da dare a titin da babu jama'a, kuma kada ka yarda wani ya taimake ka a wurin na'urar cirar kuɗi. Lambar 'yan sanda ita ce 10111, daga wayar hannu kuma ana iya kiran 112. Wanda ke son ganin unguwanni irin su Langa, wadda aka buɗe a 1927, ko Khayelitsha, inda dubban ɗaruruwan ma'aikatan birnin ke kwana, ya tafi tare da ɗan unguwar da ke aikin rakiya, ya ci abinci a can, ya sayi kaya a hannun masu yin su.

Duk abin da ka saya, ka nemi cikakken rasit mai nuna haraji, domin baƙo yana da damar karɓar harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan da zai fita da su, matuƙar jimillar kuɗinsu ta haura rand 250 kuma bai wuce kwana 90 da sayensu ba. Kuɗin masauki da abincin da aka ci ba sa cikin wannan. Ana nuna wa jami'an kwastan kayan tare da rasit ɗin kafin a miƙa jaka ga kamfanin jirgi, saboda haka ka jera tsarabar a saman akwati, ka kuma isa filin jirgin da ƙarin awa guda a kan lokacin da aka saba.